An Ɗaure Hannun Mai Kitso

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ko a gida sai an tambaye ni nake buɗe baki. Amma abin ya tsaya min a ƙirji, ya ƙi sauka.

Mamata mai kitso ce. Tun ina rarrafe nake ganin kawunan mata a tsakanin gwiwoyinta. Da ciwon ya kama ta, ta daina barci, ta manta sunana, amma yatsunta ba su manta aikinsu ba. Ko bakin zane ta samu, sai ta kama tana kitsawa. Ranar da ta fasa madubin shagonta da hannu, yayana ya kai ta asibitin masu taɓin hankali, aka ba ta gado.

* * *

Wani hantsi na kai mata abinci, na tarar da ita rigingine, an ɗaure hannuwanta da ƙafafunta a ƙarfen gado da wani ƙyalle mai kauri. Yawu ya bushe a gefen bakinta. Ɗakin yana warin fitsari da maganin goge ƙasa. Sai fisge hannu take yi, wuyan hannun har ya saɓule.

Tsohuwar da ke gadon kusa ta ƙyalƙyale da dariya. "Kin makara, 'yan mata! Yau uwarki ta nuna mana dambe kyauta."

Nas ta shigo da filasta a damtsenta. "Ke ce 'yarta? Na sunkuya zan ba ta magani, hulata ta zame, kawai ta cafki gashina. Na yi ihu, masu gadi suka danne ta. Ta ciji ɗaya, ni kuma ga rabona. Sai da aka yi mata allura."

Na kalli kanta. Gashin a tsefe yake, ya leƙo ta ƙarƙashin hula. Na ce, "Anti... kitso za ta yi miki."

Ta shafa kanta. Sannan ta zauna a bakin gado.

"Wataƙila, ƙanwata. Amma ni kaɗai ce nas a ɗakin nan duka. Bara wata ta fasa min haƙori da kwano. In hannu ya taho kaina, ba na tsayawa tambayarsa me ya kawo shi."

"Yaushe za a kwance ta?"

"Sai likita ya ga ta daina fisge-fisgen nan."

Na san ba za ta daina ba. Hannun nan aiki yake nema, su kuma jira suke ya kwanta.

Mama ta juyo da ido a hankali, ta dube ni kamar baƙuwa. "Yarinya," ta ce, harshenta ya yi nauyi, "kitsonki ya tsufa."

* * *

Washegari da safe na tsefe kaina tas, na wanke, na tafi. Mai gadi ya karɓe matajin da na zo da shi a ƙofa, ya ce ba a shiga da abu mai tsini.

Na durƙusa a ƙasa kusa da gadon, na cire ɗankwali, na ɗora kaina a katifa daidai ƙarƙashin hannunta na dama. Fisgar ta tsaya. Na ji farcenta yana lalubo tsaga.

"Daina motsi," ta ce, "za ki karkata min layi."

Ɗaurin bai bar hannunta ya wuce kunnena ba. Da ta kai nan sai ta warware, ta sake somawa.