Sakatar Roba a Hular Tambari

Sambo yana tsugune a rumfarsa ta walda a Gwandu, yana haɗa ƙyauren wani shago, wayarsa ta yi ƙara. Hantsi ne na ranar Talata. Usama ne ya kira, abokin aikin ƙanensa Tambari. Su biyun suna kabu-kabu a Kalgo, suna jigilar ɗalibai tsakanin ƙofar jami'a da cikin gari.

"Yaya Sambo, ka taho Birnin Kebbi yanzu. Tambari ya faɗi."

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Amma bakinai..." Usama bai ƙarasa ba.

Sambo ya kashe injin, ya bar ƙyauren a ƙasa, ya nufi tasha.

A asibiti bai gane ƙanensa ba da farko. Fuskar ta kumbura tun daga ƙasan ido har wuya. Likitar, wata mace mai ƙaramin jiki, ta yi masa bayani a baranda: muƙamuƙin ƙasa ya karye wuri biyu, haƙora huɗu sun zube, za a ɗaure bakin da waya har sati shida, abinci kuma sai mai ruwa ta siririn bututu.

"Hular kwano ta tsare masa ƙoƙon kai," in ji ta. "Haɓar ce ba abin da ya tare ta. Mai buɗaɗɗen gaba ya sa?"

"A'a. Tana rufe fuska."

"To, ban san yadda aka yi ba."

Usama ya ba shi labari a waje. Akuya ce ta ƙetara kwalta. Tambari ya taka birki, tayar gaba ta zame a kan yashi, ya kifa da fuska. Ba fasinja, ba wani gudu. Sannan Usama ya miƙa masa wata baƙar leda. Hular ce a ciki, ja, mai sheƙi. Makarin haɓarta, wato gaban da ake ɗagawa sama, yana reto a gefe ɗaya.

Sambo ya san labarin hular. Shekara biyu da suka wuce shi da kansa ya sayo wa Tambari rufaffiya, baƙa, mai nauyi, wadda kai da haɓa duk ƙira ɗaya ne, gilashin ido kawai ke ɗagawa. Tambari ya sa ta shekara guda yana mita: zafi, fasinja ba ya jin maganarsa, ko ruwa zai sha sai ya tuɓe ta. Da ƙungiyar 'yan kabu-kabu ta yi magana da Alhaji Mamman mai shagon kayan babur a Kalgo ya kawo huluna masu ɗagawa, kusan kowa ya karɓa. Alhaji ya ce ƙarfinsu ɗaya da rufaffiya, ga ma tambarin ƙasar waje a ƙeya. Tambari ya rataye baƙar a ƙusa a ɗakin Inna, mahaifiyarsu, ya zo yana nuna wa yayansa yadda sabuwar ke buɗewa da yatsa ɗaya.

Washegari da safe Sambo ya baje hular a kan teburin aikinsa ya kwance ta. Abin da ya gani ya sa ya miƙe tsaye. Sakatar da ke riƙe makarin haɓa roba ce, 'yar siririya, ba ta kai kaurin kunnen bokitin wanka ba. Ta karye gida biyu. Ƙusoshin da ke gefe gajeru ne, da ƙyar suka kama. Ya sa farce a ƙarƙashin tambarin ƙasar wajen, ya ɓare kamar takardar kwalbar lemo.

Ya zuba komai a leda, ya hau mota zuwa Kalgo.

Alhaji Mamman yana zaune a ƙofar shago, jajayen huluna jere a bayansa. Ya amsa sallama, ya yi jaje, ya ce Allah ya ba yaron lafiya. Sambo ya zazzage ledar a kan benci.

"Alhaji, mi ne ne wannan?"

"Sakata ce."

"Roba ce. Ita ka ce ma mutane ƙarfinta ɗaya da rufaffiya?"

Alhaji ko kallon gutsattsarin bai yi ba. "Malam Sambo, ka san yaran nan. A ɗage suke yawo da ita, su sha iska. Wanda ya faɗi da hula a ɗage, laifin hula ne? Kuma abin da Allah ya rubuta babu mai kankare shi."

"Allah bai rubuta ma ka sayar da roba ka kira ta ƙarfe ba."

"Kai, kiyaye harshenka. Ni ban ƙera ba. Yadda an ka kawo mini haka na sayar."

Mutane sun fara taruwa. Sambo ya tattara kayansa ya tafi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne maganar ta shige shi. Ya sha ganin 'yan kabu-kabu da hular a ɗage. In haka Tambari ya yi fa?

Ya wuce asibiti. An riga an ɗaure bakin. Ya ba ƙanensa biro da bayan takardar magani.

"Ka faɗa mini gaskiya, ba faɗa zan yi ba. A ɗage take ko a rufe?"

Tambari ya daɗe yana rubutu. "A rufe. Na ji ta ce ƙas. Da na bugi ƙasa ta tashi."

Sambo ya ciro makarin haɓar ya kai shi bakin taga. Sai yanzu ya lura. A gabansa, can ƙasa daidai haɓa, fenti ya goge, ga ƙananan duwatsun kwalta sun nutse a ciki. Da a ɗage yake, da goshi zai ci wannan gurzar. Makarin yana wurinsa lokacin da ya bugi ƙasa, sakatar ce ta sake shi.

Ranar Asabar ya koma Kalgo da tsohuwar baƙar hular da kankana biyu. 'Yan kabu-kabu suna hutawa a inuwar dogon yaro kusa da tasha, sun kai talatin. Usama ya ba da tasa jar hular ba tare da an roƙe shi sau biyu ba. Sambo ya cusa kankana a kowace, ya cike gefe da tsumma, ya ɗaure igiyar wuya, ya rufe jar har kowa ya ji ƙas ɗinta. Ya hau saman wata bas da ke fake.

Ya fara sakin baƙar, haɓa ƙasa. Ta daki kwalta, ta yi tsalle, ta gangara. Usama ya kwance ta: fenti ya kuje, kankana lafiya.

Ya saki jar. Ƙarar ma daban ce. Makarin ya fincike sama, kankanar ta daki kwalta ta tsage, jan ruwa ya fantsama har ƙafafun na gaba. Wani ya yi salati. Wani ya cire tasa daga kai ya riƙe ta nesa da jiki.

Wani magidanci da ya tsaya sayen mai a gefe ya matso. Malam Abdulrasheed ne, ma'aikacin jami'a, mai zuwa daga Birnin Kebbi kullum a babban babur. Shi ma mai ɗagawa ce a hannunsa.

"Gwajinka ba irin na masana ba ne," ya ce wa Sambo, "amma duk mun gani. Sai dai kada ka haɗa su duka. Duba tawa."

Sambo ya sauko ya karɓa. Ƙugiyoyin ƙarfe biyu ne, dama da hagu, suna kama wasu ƙusoshin ƙarfe masu kauri. Ya rufe ta, ya sa gwiwa, ya ja da iya ƙarfinsa. Ko motsi.

"Wagga ta kirki ce," ya ce, bai ɓoye ba.

"Ta kirki ce, an gwada ta a rufe kafin a sayar. Duk da haka in zan yi doguwar tafiya rufaffiya nake sawa. Abin da ke buɗewa yana da inda zai iya saki, ƙira ɗaya ba ta da shi. Kuma ko tawa, in na hau da ita a ɗage, haɓata a waje take."

Ciyaman na ƙungiya ya iso ana cikin haka. Surukin Alhaji Mamman ne, kowa ya sani. Ya dubi kankanar a ƙasa, ya ja Sambo gefe.

"Ka zo daga Gwandu ka kunyata mu gaban jama'a? Da ka same ni a ofis da an yi magana cikin mutunci."

Sambo ya ƙi rage murya. "Mutunci? Ƙanena na kwance an ɗinke mai baki da waya, Inna na ɗura mai kunu kamar jinjiri. Ku kun ka kawo wa mutane wagga hula. Wa ya buɗe ta ya duba? Ko mutum ɗaya? Minti biyar ya ishe ni da sukuddireba. Sannan an ka ce shi ya jawo ma kainai, mutumin da bai iya buɗe baki ya kare kainai!"

Ciyaman ya ce za a zauna a duba. Ba a zauna ba. Abin da ya faru shi ne, kafin Litinin jajayen hulunan sun ɓace daga shagon Alhaji Mamman, ba wanda ya ce komai. Alhaji bai taka asibiti ba. Wasu 'yan kabu-kabu suka koma tsofaffin hulunansu. Wasu suka zo har Gwandu suna roƙon Sambo ya huda tasu ya ɗaure makarin da noti. Ya ƙi.

"In na huda ta na ƙara kashe ta. Ba ni ce muku ta gyaru alhali ban sani ba."

Da yawa kuwa suka ci gaba da sa ta. Zafin Kalgo ba wasa ba ne, in ji su, kuma ba kowa ke faɗuwa ba.

Bayan sati shida aka cire wayar. Tambari ya rame, haɓarsa ta ɗan karkace hagu, in ya yi magana iska na fita ta giɓin. Kalmarsa ta farko ita ce a ba shi tuwo. Da aka kawo ya kasa taunawa, ya ture kwanon ya juya fuska ga bango.

Ran kasuwar Gwandu Sambo ya shiga sayen tsinken walda. A bakin layin masu kayan babur ya hangi kwali a buɗe, jajayen huluna a ciki, wani baƙon mutum yana tallarsu da lasifika. Wani dattijo manomi yana jujjuya ɗaya a hannu, yana cewa ɗansa ya sayi babur, yana son ya kai masa.

Sambo ya ajiye abin da ke hannunsa. "Baba, ara mini ita."

Ya ɗaga makarin, ya juya cikin hular ga rana, ya sa yatsa a kan sakatar. "Taɓa nan. Mi ka ji?"

Dattijon ya latsa. "Roba."

"Ita kaɗai ke tsakanin haɓar ɗanka da kwalta."

Mai tallar ya kashe lasifika ya taso yana zagi, yana cewa ana ɓata masa kasuwa, zai kira sarkin kasuwa. Sambo ya ce ya kira. Dattijon ya mayar da hular cikin kwali, ya goge hannu a riga, ya tambayi inda ake samun ta ƙwarai. Sambo ya kwatanta masa. Sannan ya jawo wani benci daga rumfar maƙwabta, ya zauna daura da kwalin, domin ya hangi wasu matasa biyu sun nufo wurin.