Iskar da ta shiga Warsinah

"Ƙara dannawa, Tukiran, ko ba ka karya ba ne?" in ji Warsinah. Tana kife a kan benci, mijin nata yana kankare mata baya da kwabo da man kwakwa.

Da hantsi ne, na shigo aron dutsen niƙa yaji, don bango ɗaya ya raba mu a unguwarmu ta kan tudu a birnin Semarang. Haka muka gada: in iska ta shiga jikin mutum sai a kankare bayansa har ya yi layi-layi ja, ta fita. Nata ya yi jawur, Tukiran har murna yake yi.

Ni fuskarta na duba. Gumi yana zuba, leɓɓanta sun yi toka-toka, tana ta matsa hannunta na hagu.

"Ina ne ke ciwo?"

"Nan, Yaya. Kamar an ɗora mini buhun shinkafa a ƙirji."

Warsinah soyayyar ayaba da rogo take sayarwa ta taga, tana suya tana ɗanɗanawa. Likita ya taɓa gaya mata nauyin da ke cinye mata gwiwoyi shi ne yake wahalar da zuciyarta. Da gwiwoyin suka ƙi, sai ta daina sauka matakalar unguwa, har asibitin ta daina zuwa. Zama ya ƙara mata jiki, jiki ya ƙara zaunar da ita. Na yi faɗa har na gaji.

"Ajiye kwabon nan ka kira mazan unguwa su kai ta asibiti," na ce wa Tukiran.

"Yaya, iska ce kawai," in ji shi.

"Sarmidi mai gyaran babur ma iska aka ce. Bayansa ja aka binne shi."

Warsinah ta ɗago kai da ƙyar. "Su ɗauke ni kamar saniyar layya, yara na bina da dariya? Ke Yaya, ƙashi da fata, hassada ce ke damunki. A dafa mini citta."

Sai ta yi gyatsa mai ƙarfi. Tukiran ya ce, "Kin ji ko? Ta fara fita." Ya tafi ya ɗora ruwa, ni ina tsaye ina jin yadda numfashinta yake sarƙewa. Kafin ruwan ya tafasa ta ce muƙamuƙinta ya ɗaure. Ta kama wuyan hannuna, tafinta sanyi ƙalau.

"Yaya, tsoro nake ji. Kira su."

Mota ba ta hawa wajenmu, tana tsayawa ne can ƙasa a bakin titi. Aka ciro ƙyauren ɗakinta aka kwantar da ita a kai, maza suka kama. Lungun ya matse, kowane mataki sai an tsaya an gyara riƙo. Babu yaron da ya yi dariya. Ina biye ina riƙe da ƙafarta ina cewa, "Saura kaɗan, ƙanwata." Tana amsawa da "Uhm." Daidai famfon unguwa na sake faɗa, ba ta amsa ba.

Tukiran ya kira sunanta, ya sa kunne a bakinta, ya daɗe bai ɗago ba.

Mazan suka tsaya cak a tsakiyar matakala, ƙyauren a kafaɗunsu. Na gaba suna kallon titi, na baya suna kallon gida. Wata mata da ke tarar ruwa ta miƙa hannu a hankali ta rufe famfon.