Tabon Fourcadet

Léandre Fourcadet mai kantin magani ne a garinmu kafin siyasa ta ɗauke shi. Ya ci zaɓensa na farko da zagin limaman coci a dandali, matarsa kuwa tana zagawa ta ƙofar baya tana kai musu kaji. Da ya isa majalisa a Paris, sai ya zauna a hagu, wurin masu kare talaka. Tumbi na girma yana matsawa dama, har ya dangana da bango.

Wani ɗan jarida, Barnabé Quillac, ya rubuta cewa wakilinmu hawainiya ne. Abokai suka ce mutunci ya zube, dole shi da Quillac su yi fito-na-fito da bindiga.

"Haba, jama'a, ba a sulhu?" in ji Fourcadet.

"Ranka ya daɗe, ai an riga an gayyato masu hoto."

Da safe aka fita fili. Fourcadet ya runtse ido ya harba, ya sami dokin likitan da aka zo da shi a cinya. Ƙarar bindigar tasa ta sumar da shi, ya faɗi ya fasa goshi a dutse. Ya dawo gida da rawanin bandeji, muka tarye shi da kiɗa. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye shi ina gadar da ya yi mana alkawari, sai ya ɗaga hula ya nuna tabon: "Jinina na zubar saboda Jamhuriya!"

An taɓa ba shi minista, amma gwamnatin ta rushe tela bai gama ɗinka masa kwat ba.

Da yaƙin Jamus ya ɓarke, shi ke raka samarinmu tashar jirgi da jawabi har da hawaye. Ɗansa Gaston kuwa likita ya gano masa ciwon ƙirji, aka tura shi shan iska bakin teku.

Bayan yaƙi ya zo buɗe dutsen da aka sassaƙa sunayen samarinmu da suka mutu a yaƙin. Yana cikin karantawa, Madam Peyrusse mai gasa burodi, wadda 'ya'yanta biyu ke jikin dutsen, ta ɗaga murya:

"Ɗaga murya, Léandre! Ba mu ji na gidanku ba."

 Fourcadet ya goge gumi, ya yi wa masu badujala alama su busa.

Da rana ya yanka mana shanu, ya buɗe gangunan giya. Muka ci, muka sha, muka zage shi a hanyar gida. Da zaɓe ya zo muka sake tura shi Paris, inda ya mutu yana barci a kujerarsa, ana tsakiyar muhawara.