Ƙuri'ar Effie Rennie

"Riƙe takardar da kyau mana, Murdo. Hannunka ya fi nawa rawa, ni da aka ce zan mutu."

Murdo ya danne takardar a kan faranti bisa cinyar Effie. Shekara talatin ƙofarsa na kallon ta Effie a hawa na uku. Yanzu ciwon huhu ya kwantar da ita, aka aiko mata da ƙuri'ar zaɓen kansila ta gidan waya.

Ta kai bakin biro gefen sunan Struan Petrie.

"In ɗauko miki tabarau ne?"

"Ina gani sarai, tsohon banza."

"Effie, shi ne fa."

Murdo ne ya tsinci Fergus, ɗanta tilo, a kan matakalar benen nan shekara goma sha shida da suka wuce. Ya fito zai tafi tuƙin bas, ya gan shi a sanƙare ba rai, allurar ƙwaya a hannu. Tare Fergus da Struan suke shan ƙwayar a daren. Da Struan ya ga abin ya ɓaci sai ya gudu, ko motar asibiti bai kira ba.

"An ce ya daina," in ji Murdo. "To, da ya daina, Fergus ya dawo? Wanda ya bar abokinsa a ƙasa shi za a damƙa wa unguwa?"

Tari ya sarƙe ta. Sai da ya lafa ta ce, "Kar ka ɗauka na yafe masa. Ban yafe ba. Amma sauran 'yan takara ukun sun zo ƙofar nan da murmushinsu, babu wanda ya san na taɓa haihuwa. Yaran da ke zube a bakin lif ɗin hawa bene, shi kaɗai ya san sunayensu. Ya san uwayensu."

Ta yi alamarta, ta sa hannu, ta liƙe ambulan da kanta.

"Ka jefa mini yau."

Ya sa a aljihun kwat. Sau huɗu yana wucewa ta gaban jan akwatin wasiƙa na bakin titi, hannunsa ya ƙi fitowa.

Ranar Asabar ta tambaye shi, "Ka jefa?"

"Na jefa."

"Yauwa. Ashe kana da amfani."

Ita ce hirarsu ta ƙarshe. Lahadi da hantsi ya shigo mata da shayi da burodi gasasshe, ya same ta kai a karkace, rediyo na ta magana. Ya ajiye kofin a hankali kamar mai gudun tashinta.

Ranar jana'iza ya sa kwat ɗin. Mutum goma sha ɗaya ne a bakin kabari. Can wajen ƙofar maƙabarta Struan na tsaye cikin ruwa, ba lema, ba masu rakiya. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba sai da aka gama rufe ta kusa da Fergus.

Saura kwana uku zaɓe. Murdo ya sauka daga bas, ya tsaya a gaban akwatin. Ambulan ya lanƙwashe, gefensa ya jiƙe. Ya shafe shi a ƙirji har ya miƙe, sannan ya tura.

Ko ƙarar faɗuwarsa bai ji ba. Ya ɗaga kai. A hawa na uku, tagarta na nan a ɗan buɗe yadda ta bar ta, labule na motsi.