Hular Sallah Ba Haya Ba Ce

Shekara ashirin da shida Malam Babaji mai ɗinkin hula ya yi a sashen baya na gidan Alhaji Maitama a Ƙofar Durɓi, ko kwabo bai taɓa biya ba. Alhaji ne ya ce zauna, ya zauna. Duk Sallah yakan ɗinka masa hula guda ya kai. Wanda duk ya kira shi ɗan haya, to sun ɓata ke nan.

Alhaji ya rasu shekarar da soja suka koma bariki. Ɗansa Mudassir, wanda siyasa ta fara yi wa kumatu, ya ce zai rushe sashen ya zuba shaguna. Kwana bakwai ya ba su, ga damina ta kankama.

Baraka, matar Babaji, ta ji a rediyo an yi doka, ba a tashin ɗan haya sai da sanarwar wata shida.

"Malam, in an je gaban mai unguwa, ka ce hulunan nan haya ce. Wata shida zai fitar da mu daga damina."

Babaji ya ci gaba da ɗinkinsa.

A zauren mai unguwa Mudassir ya miƙe ƙafa yana kaɗa makullin mota, ya dubi Babaji.

"Baba, dokar ta 'yan haya ce. Kai ɗan haya ne?"

"Kai dai tun kana yawo ba wando na san ka."

"Ba shi na tambaya ba."

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Malam Babaji, hulunan da kake kai wa marigayi, a bakin me suke? Yi tunani da kyau."

Babaji ya gane hanya ake buɗe masa. Ya ɗaga ido, sai ga ɗinkinsa a kan Mudassir, hular ƙarshe da ya kai wa Alhaji, ta yi masa yawa har ta taɓo kunne.

"Kyauta ce," in ji shi. "Mutumin da ya riƙe ni don Allah, ba zan mai da shi mai karɓar haya yana ƙasa ba. Kai kuma cire hular nan, ba kanka na auna ba."

Mudassir ya ƙara danna ta. "An ji dai. Saura kwana huɗu."

Ranar tashi hadari ya haɗo. Babaji ya ɓalle ƙyauren da ya saka da hannunsa, ya ɗora kan amalanke, ya bar ɗakin baki buɗe. Baraka na biye da tabarmi a ka. Har suka kai Ƙofar Guga ko kallonsa ba ta yi ba.