Hudar Ƙusa a Tagar Inna Bintu

Duk jaririn da aka haifa a lungunsu na Ƙofar Dumi, hannun Inna Bintu ne ya fara wanke shi. Ta wanke uwayen suna jarirai, ga shi tana wanke 'ya'yansu. Amma ranar da 'yar Habibatu ta haihu, Habibatun da katanga ɗaya ce tsakaninsu, sai kukan jariri Inna Bintu ta jiyo. Ba wanda ya aiko mata. Wata aka ɗauko a kan babur daga unguwar Jahun, yarinyar da ko tallafe kan jinjiri ba ta iya ba.

Ta san dalili. Mansir ne, autanta, ɗan cikinta.

Da damina katakon tagarta ya ruɓe, Mansir ya zo da tsohon kwanon rufi ya buga a wurin, ya bi hudojin ƙusa ya liƙe da kwalta, ya koma gidansa na Gwallameji abinsa. Ɗakin ya yi duhu, ta haƙura. Ran nan da hantsi ta yi walaha, ta rufe ƙofa saboda awakin gidan, ta kishingiɗa. Tana ɗaga ido sai ga mutane suna tafiya a bangonta, ƙafafu a sama, kawuna a ƙasa. Keke Napep ya wuce, tayoyinsa na bin rufi. Ta karanta duk addu'ar da ta iya. Ba su tafi ba. Washegari suka dawo.

Ta gaya wa Mansir, don wa za ta gaya wa? Ya zo bayan la'asar, ya wangale ƙofa, ya haska bango da fitilar wayarsa, ya ce, "Inna, ina suke?" Shi ke nan binciken nasa. A wani gidan suna, gaban maza da mata, ya faɗa cewa kan Inna ya fara taɓuwa, a taya su da addu'a, ya gyara mata ɗaki a gidansa, ƙarshen wata zai zo ya kwashe ta. Addu'a! Tun daga ranar mata suka koma gaishe ta daga nesa, suna janye goyonsu.

Saboda haka ta ɗaura gyale ta hau keke zuwa Wunti, ta hau benen da gwiwoyinta ba su so ba, ta shiga cemba, wato ofishin lauya, na Barista Roda, 'yar Liatu mai ɗinki, mutanen Bogoro da suka taɓa zaman haya a lungun.

"Mama! Ke da kanki? Zauna, zauna."

"Ba zama na zo ba. Ƙara na kawo. Ɗana zan kai kotu."

"Mansir? Me ya yi?"

"Ya ce na haukace. Ki dube ni, Roda. Na yi miki kama da wadda ta haukace? Ni na yanke cibiyar ƙaninki."

Roda ta danne dariya ta ce a ba ta labari. Da aka zo kan masu tafiya da ka, sai ta ajiye alƙalaminta. Ta tambaya ko da dare suna zuwa. Inna Bintu ta ce a'a, sai rana ta ɗaga. In ƙofa a buɗe take fa? Ba sa zuwa. Ranar hadari? Sai su yi dishi-dishi kamar an zuba musu ruwa.

"Akwai wanda kika taɓa ganewa a cikinsu?"

Inna Bintu ta rage murya. Wannan ce ba ta gaya wa kowa ba, don ita ce ta fi tsorata ta. "Na ga Baffa mai ruwa da kurarsa. Da ransa da lafiyarsa, na gan shi a bangona yana tura ruwa a kife, ko ɗigo bai zube ba."

Roda ta jingina da kujera, fuskarta ta yi wani irin haske. "Mama, ki bar maganar kotu tukuna. Gobe da hantsi ina zuwa. Zan kira Mansir ya same mu."

Washegari da hantsi ya zo, da ɗan katin ofis rataye a wuya, yana duba agogo. Ɗakin na ƙasa ne, ginin mijinta marigayi, rufin baka, bango ya sha farar ƙasa. Roda ta rufe ƙofa, ta toshe ƙasanta da zane, ta ce kowa ya kashe waya.

"Barista, da girmanki," in ji Mansir cikin duhu, "ke ma biye mata za ki yi?"

"Rufe mini baki," in ji Inna Bintu. "Ka iya magana a gidan suna, yanzu ka iya shiru."

Suka tsaya. Da farko baƙi ƙirin, sai ɗigon haske ɗaya a jikin kwanon taga, hudar ƙusar da kwalta ba ta kama ba. Mansir ya ja tsaki. Sai bangon ya fara fari-fari kamar gari zai waye a jikinsa. Shuɗi ya kwanta a ƙasa, dab da gadonta, gajimare na tafiya a ciki a hankali. Bishiyar dogon yaro ta ƙofar masallaci ta rataye daga rufi, ganyenta na kaɗawa ɗaya-ɗaya. Wata mai tallar awara ta ratsa da jan hijabi, ja sosai, farantinta a ƙasa, ƙafafunta na taka sama. Tantabaru suka tashi, suka faɗa ƙasa cikin shuɗin nan suka ɓace. Duk ba sauti. Ƙarar babur tana shigowa ta bayansu, shi kuwa babur ɗin yana wucewa a gabansu shiru.

"La'ilaha illallahu," in ji Mansir. Muryarsa ta koma ta yaro. "Inna, waccan ai motata ce."

Tana nan kuwa, maƙale a rufi kamar ƙadangare.

Roda ta taka ta ɗora yatsa a kan hudar. Komai ya mutu. Ta ɗauke, duniya ta dawo.

"Sake," in ji Inna Bintu. Aka sake. Ta tashi da kanta, ta lalubi hudar, ta rufe, ta buɗe. Abin da ya hana ta barcin rana tun damina, ga shi yana bin yatsarta.

"Haske miƙe yake tafiya, Mama, ba ya lanƙwasa," in ji Roda, ita ma a hankali take magana kamar a ɗakin mai jego. "Wanda ya taso daga kan bishiya, in ya bi ta hudar nan, ƙasa zai sauka. Wanda ya taso daga ƙasa ya haura sama. Shi ya sa kike ganinsu a kife. A makaranta aka koya mana da gwangwani, amma ban taɓa ganinsa da girman ɗaki ba sai yau."

"To me ake ce masa?"

"Kyamara."

"Ta hoto? Ni ba wanda ya sa mini kyamara a ɗaki!"

"Ba a sa miki ba, a cikinta kike kwana. Kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce tun asali. Tsofaffin mutanen Rum ne ke kiran ɗaki haka, ɗaki mai rufin baka irin wannan naki, su ma daga Girkawa suka ara. Mutanen da, da suka ga abin nan da kike gani, sai suka sa masa suna ɗaki mai duhu. Suna shiga su zauna, su bi hoton da alƙalami. Daga baya aka yi ta rage ɗakin har ya koma akwati, aka samu yadda hoton zai kama ya zauna. Duhun ya faɗi daga sunan, ɗakin ya rage. Wadda ke bayan wayar Mansir ma ɗaki ce, ta ƙanƙance ne kawai."

Inna Bintu ta ɗaga kai ta dubi bakan rufin da mijinta ya ɗaura da azara. Ba ta taɓa riƙe allo ba, balle littafin boko, amma wannan ta gane shi sarai. Ashe tun kafin kakannin kakanninta akwai waɗanda suka zauna a duhu irin wannan, gabansu na faɗuwa kamar nata, har suka raɗa wa abin suna, sunan ya ƙetare teku ya zo Bauchi yana yawo a aljihun yara.

"Har inda kika same ni jiya," in ji Roda, "da kuke cewa cemba, kalmar ɗaya ce. Ta bi ta bakin Faransawa ne ta lanƙwashe. Kuma in alƙali ya ce zai ji shari'a a kyamara, ɗaki yake nufi, a kori jama'a a rufe ƙofa. To ga mu a ɗaki, Mama. Ga mai ƙara, ga wanda ake ƙara. A kashe maganar a nan?"

Mansir ya durƙusa. "Inna, ki yafe mini. Wallahi tsoro na ji. Maganar Gwallameji na janye ta."

"Dama ba inda za ni. Wannan ba kyauta ka yi mini ba." Ta gyara zama. "Kuma ban yarda da shari'ar ɗaki ba, Roda. A ɗaki ya faɗa? A gaban mutane ya faɗa. Tashi. Bi gida-gida ka kira mini matan lungun nan, ka fara da Habibatu. Ka gaya musu da bakinka abin da idonka ya gani, sannan ka tsaya a rana inda za su gan ka."

Ya tafi. Suka gan shi a bango, da ka, yana sallama ƙofa-ƙofa.

Matan suka yi ta shigowa kaɗan-kaɗan, don ɗakin ba ya ɗaukar taro. Kowacce ta shigo da surutu, duhu ya kama bakinta, sai a ji salati. Wata ta hango ɗanta da ta aika makaranta yana cin rake a gindin bishiya, ta yi waje da takalmi a hannu, na ciki suka ga dukan a kife suka yi dariya har da hawaye. Mansir na tsaye a tsakiyar lungu, gumi ya jiƙa rigarsa, an ce ya ɗaga hannu ya ɗaga.

Habibatu ce ta ƙi fita. Ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon gajimare kusa da ƙafarta.

"Yaya Bintu," ta ce can ƙasa, "cibiyar yaron nan ba ta yi mini ba. Ta yi ja. Ko za ki leƙa?"

"Ina ta Jahun ɗin?"

"Haba Yaya. Mun yi kuskure."

"Kun yi. Je ki ɗora ruwa, kada ya yi zafi da yawa. Ina zuwa."

Amma ba ta tashi nan da nan ba. Rana ta kusa tsayawa, launin ya ƙara fitowa, wani shaho yana shawagi a ƙasan bangon. Wannan ne karo na farko da take kallo ba tare da tsoro ba, kuma ta ga ba ta taɓa lura da yadda hasken Allah ke zuba a lungun nan ba, ita da ta tsufa a cikinsa.

Mansir ya leƙo. "Inna, in kawo kwalta in liƙe hudar?"

"Ka taɓa ta ka gani. Ja mini ƙofar, kana kashe mini mutane."