Babur Ɗin Ƙanƙara a Gaban Alƙali

Ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci a Kebbi ba Mudassiru mai gwanjo ya dawo Kaoje daga Kwatano da wani abu a bayan mota. Kaya ya saya a dunƙule, tsofaffin firji da fankoki, sai ga abin a cikinsu. Yana da sirdi da ƙaho irin na babur, amma ba taya. A gaba ƙafafu biyu ne dogaye masu lanƙwasa kamar goshin kwalekwale, a baya kuma bel mai haƙora irin na katafila. Dillalin ya ce masa babur ne na ƙasar da ruwa ke daskarewa har a yi tafiya a kansa.

Ni dai abin ya hana ni sukuni. Kullum bayan la'asar nakan zauna kusa da shi ina hango kogin Kwara ya daskare, masunta na yawo a kansa da takalma suna leƙen kifi ta ƙarƙashin ƙafafunsu.

Shi Mudassiru laka ce a ransa. Ya ce abin da ya bi ƙanƙara zai bi taɓo, ya kwaso masa shinkafa daga fadama inda mota ba ta shiga. Ya kira Bunyaminu mai gyaran injin jirgin ruwa.

Bunyaminu ya buɗe ya duba. "Alhaji, irin injin jirgi ne, fetur da baƙin mai ake haɗa mishi. Sai dai ga wani katantanwa nan mai ɗura mishi iska da ƙarfi. Irin wanga ba ya shan man kwalba."

Aka gwada man 'yan bumburutu, wanda kowa ya san da kalanzir a cikinsa. Injin ya yi ta ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmin ƙarfe, ya mutu. Bunyaminu ya ce shi fetur lamba gare shi kamar takalmi, kuma wannan babba yake so.

"To su can mi suke zuba mishi?"

"Wani direban tanka ya ce mini ruwa suke tatsa daga masara su gauraya."

"Koko ke nan?"

Bunyaminu ya waiga hagu da dama. "Giya, Alhaji."

Mudassiru bai taɓa ɗanɗana ko burkutu ba. Amma ya ƙetara iyaka ya sayo jarka guda ta sodabi, barasar da mutanen Benin ke dafawa, ya binne ta cikin buhun garin rogo. 'Yan agajin shari'a da ke tsaro a bakin mashayar ruwa ba su ma kwance buhun ba, hanci ya ishe su, suka kai shi gaban alƙali.

Na je kotu ranar. Kowa a wurin ya san bulala tamanin ake magana, a tsakiyar kasuwa, a bayan mutumin da ke sahun farko kowace asuba.

"Ta wane ne jarkar?" in ji alƙali.

"Allah gafarta Malam, ta babur ce."

"Babur ɗin Musulmi ne?"

"Ban tambaye shi ba, Allah gafarta."

Alƙali ya ce a kawo babur ɗin. In ya sha ya tashi, maganar Mudassiru ta tabbata. In bai tashi ba, to da sauran mai sha a gidan, kuma ba sai an yi nisa wajen nemansa ba.

Shanun huɗa suka jawo babur ɗin har rairayin da ke bayan kotu. Bunyaminu ya zuba fetur mai kyau, ya auna baƙin mai, sannan ya auna sodabi a murfin jarkar ya ɗiga masa.

"Wannan kaɗai?" in ji alƙali.

"Allah gafarta Malam, rabinta ruwa ne. In ta yi yawa injin shaƙewa zai yi."

"In murfi guda ya ishe shi, sauran jarkar na wane ne?"

Mudassiru ya dubi Bunyaminu, gumi na bin gemunsa. "Ƙara mishi, don Allah."

"Alhaji, zai mutu."

"Shi ko ni? Ƙara."

Bunyaminu ya ƙara kofi. Ya saci kallon alƙali. Ya ƙara wani. Wani dattijo daga cikin 'yan kallo ya ce a tuna baƙo ne, kuma daga ƙasar sanyi, can ba a sha da kofi. Sai da jarkar ta yi sauƙi a hannu alƙali ya gyaɗa kai.

Mudassiru ya hau ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja, injin ya yi tari. Mai bulala ya fara naɗe hannun riga. A ja na gaba abin ya yi kururuwa, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, bel ɗin ya watsa wa magatakarda rairayi a fuska. Babur ɗin ya zabura ya yi dama, ya yi hagu, ya bi ta kan tabarmar wata mai gyaɗa, ya je ya rungumi gindin giginya ya yi shiru. Mudassiru na kwance gefe, hularsa can gaba.

Alƙali ya tako a hankali ya sunkuya ya shinshina bututun hayaƙin, sannan ya ce Mudassiru ya hura masa numfashi. Ya miƙe.

"Wannan tangaɗin na san shi," ya ce. "Shi ne mashayin. Kai tashi ka tafi gida. Sauran jarkar a tuttular, kuma kada in ji ka sake saya masa."

Bunyaminu ya taɓa injin ya janye hannu da sauri. Ya ce fiston ya narke, ba zai ƙara tashi ba. Mudassiru ya karkaɗe rigarsa, ya kai hannu ya shafa bayansa daga wuya har ƙugu, ya ce a bar shi nan inda ya kwanta.